Makullin Taga

Abuja, 12 ga Mayu, 2015

Zuwa ga Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman Gombe. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarki Ya Bawa ta ji sauƙin ƙafar, hawan jinin ma ya sauka tun da na canja mata likita. Tana nan a ɗakin da na ba ta tun ranar da ta fito daga Bama, ba abin da ta nema ta rasa. Antinki Sadiƙa tana gaishe ki.

Tunda wayata ba ta kai darajar da za ki ɗaga ba, na koma takarda. Hamman direba zai ba ki hannu da hannu, kada gobe ki ce ba sabis.

Magana a kan Taga ce. Shekara biyu da suka wuce kika zo min da kwamfuta a jaka, kika ce ke da wani Matiyu kun ƙirƙiro burauza, manhajar shiga intanet wadda ba ta cin data, don talakawa. Kika ce ƙungiya ce ba ta neman riba ba. Ban gane rabin bayanin ba, amma na sa hannu na zama shugaban amintattu, na yi muku rajista da sunana da mutuncina. Turawan da suka ba ku tallafi sun rubuto cewa daga ƙarshen Agusta sun gama. Ita kuwa sabar nan, babbar kwamfutar da kuke haya a ƙasar waje wadda duk shafuka ke bi ta cikinta, ba da addu'a ake biyan hayarta ba.

To na samo mafita. Wani kamfanin talla a Legas zai riƙa biyanmu duk wata, gwargwadon yawan masu amfani da Taga. Abin da suke so kaɗan ne: lambar wayar mutum, unguwar da yake, da irin abin da yake dubawa. Za ki samu albashi irin na mutane, shi ma Matiyu haka. Abin da ya rage ki ba injiniyoyinsu makullin sabar, wato lambobin sirrin nan da kika riƙe ke kaɗai kamar gadon gidanku.

Na riga na ba mutumin baki. Kada ki kunyata ni.

Kawunki,
Alhaji Abatcha

Jekadafari, Gombe, 21 ga Mayu, 2015

Zuwa ga Kawu Abatcha,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, Allah ya saka da alheri a kan ɗawainiyar Inna. A gaishe ta, a ce mata ta rage gishiri ko da a ɓoye take ci. A gaida Anti. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon ido na kallon kwamfuta.

Wayarka ba raini ya hana ni ɗauka ba. In ka kira ba ka barin mutum ya kai ƙarshen jimla, ni kuma ba a yi min tarbiyyar katse babba ba. Takarda ta fi min, a nan dai sai ka karanta.

Kawu, ka ba da bakin da ba naka ba. Ka san su wa ke amfani da Taga? Je ka unguwar Hammadu Kafi ka ga gidajen da aka cusa iyali uku uku daga Gwoza da Damboa. Waya ɗaya ce a gida, ita ake zagayawa da ita. Da ita suke duba jerin sunayen waɗanda aka ceto, da ita suke neman labarin ko hanyar garinsu ta buɗe. A cikinsu akwai matan da suka gudo daga daji, mazajen da suka tsare su suna nan da rai suna nemansu. Akwai samarin da in aka ga sun cika duba labarin wani ƙauye, sai a ce su ma 'yan ciki ne, a zo a ɗauke su. Mun gaya musu a shafin farko, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, cewa Taga ba ta ajiye sunan kowa. Shi ne kake kira abu kaɗan?

Ba na ƙin kuɗi, kada a kai wa Inna labarin cewa 'yarta ta zama waliyyiya. Manyan burauzoji ma da kuɗin kamfanonin bincike suke rayuwa, na sani. In kamfaninka zai biya a sa tallarsa a shafin farko, kowa ya gani iri ɗaya, ba tare da an san wa ya gani ba, gobe zan sa. Ka tambaye su. Na san amsar, amma ka tambaya.

Kuma ba zaune muke ba. Makarantu biyu masu zaman kansu sun yarda su biya mu mu yi musu Taga ta ɗalibai mai toshe shafukan banza. Na zauna da Bamanga, shugaban masu cajin waya na kasuwa, ya ce zai yi magana da mutanensa a ajiye gwangwani a kowace rumfa, duk wanda aka sa wa Taga ya jefa naira goma in yana da ita. Turawa sun koya min darasi ɗaya: wanda ya dogara da mai bayarwa ɗaya, ranar da mai bayarwar ya gaji ya mutu. Kamfaninka ma mai bayarwa ɗaya ne, sai dai shi har da wuƙa a hannunsa.

Makulli yana wurina, kuma nan zai zauna.

'Yarka,
Falmata

Abuja, 15 ga Yuni, 2015

Falmata,

Salam. Muna lafiya. Azumi ya ƙarato, Allah ya nuna mana. Ya Bawa ta ce za ta yi, likita ya ce kada ta yi, muna nan muna fama. Maganinta ya ƙara tsada, amma ba komai, ni na ɗauka.

Na karanta wa'azinki har sau biyu. Gwangwani. Na biya miki kuɗin jami'a shekara huɗu don ki ƙare da gwangwani a rumfar mai caji. Wallahi da na san ilimin kwamfuta nan yake kai mutum, da keken ɗinki na saya miki.

Bari in gaya miki abin da shekara talatin a aikin gwamnati ta koya min. Taimakon jama'a wata biyu yake yi. Watan farko kowa zai jefa don a gan shi, na biyu a jefa don kunya, na uku ki tarar da gwangwanin an zuba ƙusoshi a ciki. Makarantun naki kuwa, su da ba sa iya biyan malamansu? Shi Matiyu yana da mata da 'ya'ya a Herwagana, kin tambaye shi ko tsarkin zuciyarki zai ciyar da su? Sannan lambobin nan da kike wa gadi, kamfanonin waya suna da su, masu sayar da kati suna da su, kowa yana da su. Ke kaɗai ce za ki mutu da yunwa a kan abin da ya riga ya zube a titi. Na tambaye su zancen talla marar suna, dariya suka yi min. Ni aka yi wa dariya, a ofishin yaron da bai kai ɗana ba.

Kuma ki daina yi min magana kamar ni baƙo ne a wannan bala'i. Ni ma ɗan Bama ne. Gidan ubana toka ne yanzu. Da aka kashe mahaifinki, 'yan uwan da suka fi ni kusa da ku duk suna nan, wa ya aika mota ta ɗauko uwarki daga Maiduguri? Kakana da kakan Ya Bawa ne wa da ƙani, ba wanda zai zarge ni da na kau da kai. Ban kau ba. Ban taɓa gori ba, yanzu ma ba gori nake ba, tunatarwa ce. Gida yana da nauyi, Falmata, kuma mutum ba ya ɗaukar nauyin wanda 'yarsa ke watsa masa ƙasa a ido har abada.

Na ba ki zuwa Sallah. In ban ga takardarki ba, na ɗauka kin dawo hankalinki kunya ce ta hana ki faɗa, zan sa hannu a matsayina na shugaba.

Alhaji Abatcha

Abuja, 3 ga Agusta, 2015

Falmata,

Salam. An yi Sallah lafiya. Mun ji abin da ya faru a Gombe, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ya Bawa ta ce kin kira ta kin ce kina lafiya. Ita kin iya kiranta.

Sallah ta wuce da sati biyu, ban ga komai ba. Na sa hannu ranar Alhamis. Na gode da kika yi shiru, ya fi miki mutunci a kan wata doguwar takardar. Injiniyoyin suna jiran makulli kafin ashirin ga wata. Ki rubuta shi a takarda ki liƙe, ki ba wanda ya kawo miki wannan.

Alhaji Abatcha

Jekadafari, Gombe, 9 ga Agusta, 2015

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa. A gaida Inna da Anti. Lafiyata lau, amma ba zan ce muna lafiya ba. Mutum biyu daga cikin masu cajin da ke sa wa jama'a Taga sun rasu a bam ɗin kasuwa, ana jajibirin Sallah. Ɗaya a ranar da safe na kai masa gwangwaninsa.

Ban yi shiru ba. Na rubuta maka amsa tun ashirin ga azumi, shafi uku, na ba Hamman. Motarsa ta lalace ya yi sati biyu a gareji, yana gyarawa aka tayar da wani bam a tasha, matarsa ta rantse ba zai sake fita ba sai ƙura ta lafa. Takardar tana aljihun motarsa har yau. Wata ɗaya da rabi kana da lambata, da ka ga shiru ba ka kira ka ce Falmata kin yarda ba? Ba ka kira ba don ka san abin da za ka ji. Shirun ya yi maka daɗi, ka ɗauke shi ka kai Legas ka sayar.

Abin da ke cikin shafi ukun nan kalma ɗaya ce: a'a. Na yi ta kewaye-kewaye ne don girmanka. Yanzu na gaji da kewayen.

Ka ce lambobin sun riga sun zube a titi. To wanda ya zubar ya ji da Allahnsa, ni ba da hannuna ba. Ka ce in tambayi Matiyu. Na tambaye shi a gaban matarsa Edna, na karanta musu takardarka duka har wurin keken ɗinki. Edna ta ce a cocinsu akwai iyali goma sha ɗaya daga Michika da Madagali, in Matiyu ya ci kuɗin sunayensu kada ya kawo mata gida. Ya koma gyaran waya da rana, yana taya ni aiki da yamma. Ba daɗi, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce da daɗi ba.

Sai maganar Inna. Na karanta layin nan na nauyin gida har na haddace shi. Kawu, ka ji kunya. Ka yi mana alheri, ban musa ba, har in mutu ina faɗa. Amma ka ɗora tsohuwa mai hawan jini a kan sikeli, ita a gefe ɗaya makulli a gefe ɗaya, ka ce in zaɓa. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Ɗaki ɗaya gare ni, a nan nake kwana a nan kwamfutocin suke, banɗaki na haɗaka ne da gida shida. Ka san ba ni da inda zan ajiye ta, shi ya sa ka faɗa. Ban gaya mata komai ba, kuma ina roƙonka don Allah kada ka gaya mata. Rigimar tsakanina da kai ce.

Suna naka ne, rajista taka ce, asusun ƙungiya a hannunka yake. Ka riƙe. Ranar talatin da ɗaya ga wata zan goge sabar da hannuna kafin hayar ta ƙare, ba wanda zai tsinci komai a ciki.

Falmata

Abuja, 29 ga Satumba, 2015

Falmata,

Ba ni da doguwar gaisuwa. Ina da rai, in abin da kike son ji ke nan. Sugana ya hau, likita ya ce ɓacin rai ne.

Kin yi abin da kika ce. Na ɗauka barazanar yara ce. Da kika goge sabar, kamfanin ya ce ba damuwa, tunda sunan nawa ne. Suka gina sabuwar Taga cikin sati biyu, ta fi taki kyau nesa ba kusa ba, suka sa ta a shagon manhajoji na intanet, suka yi talla a rediyo. Na gaya musu mutum dubu arba'in ke amfani da ita, haka kika rubuta a rahoton Turawa. Muka zauna jiran mutum dubu arba'in su sauke sabuwar.

Mutum ɗari biyu da sha ɗaya suka sauke. Rabinsu a Legas suke, ina jin ma'aikatan kamfanin ne da 'yan uwansu.

Sai da na aika wani Gombe ya zagaya kasuwa sannan na gane. Ashe mutanenki ba sa sauke komai daga intanet, wa zai ƙona datarsa. Waya suke miƙa wa mai caji su ce a sa musu, shi kuma ya tura daga tasa wayar. Abin da Bamanga ya ce a tura shi ake turawa. Ɗan aikena ya tambayi rumfa tara Taga, aka ce ba a san ta ba. Da ya kwatanta sai suka ce, au, mai koren nan marar cin data, ta Falmata? Shekara biyu ina shugaban abu, ba ki taɓa gaya min haka yake yawo ba. Kin bar ni na shiga ɗakin taro da babbar riga na yi alkawarin abin da ba ni da shi. Sun soke yarjejeniya, lauyansu ya rubuto min takarda mai zafi, yaron nan ya kira ni tsohon da bai san kasuwarsa ba. Kin ji daɗi.

Yanzu ki saurara, don wannan ya fi wancan. Ban kori uwarki ba. Na rantse da Allah ban ce mata ko kanzil ba. Sadiƙa ce ta ga na kasa cin naman Sallah, Ya Bawa ta matsa mata da tambaya, ta faɗa mata komai. Jiya na dawo daga ofis na tarar da ɗakin a share, an naɗe katifa, zannuwan da na saya mata an wanke an ninke a kan kujera. Ko sallama ba ta jira ta yi min ba. Maigadi ya ce da jakar leda ɗaya ta fita ta hau ɗan acaɓa zuwa tasha, mace mai shekara sittin da biyar da ciwon ƙafa. Gobe duk dangi za su ce Abatcha ya kori gwauruwar da ta gudo daga Bama. Wannan kuma aikinki ne.

Ga maganinta na wata biyu na ba Hamman. Farar ƙwayar da safe ce, kada ki haɗa mata da ja. Ki dawo min da ita.

Abatcha

Jekadafari, Gombe, 4 ga Oktoba, 2015

Kawu,

Wa alaikumus salam, ko da ba ka yi ba. Allah ya ba ka lafiya, ka kula da sugan. Inna ta iso ranar Litinin bayan la'asar, ƙafar ta kumbura amma ta sauka. Maganin ya zo, mun gode.

Yadda Taga ke yawo yana shafi na biyu na duk rahoton da na aiko maka tun bara. Sau uku na gayyace ka ka zo ka ga rumfunan, ka ce Gombe ba ta shiguwa. Ban ji daɗin abin da aka yi maka ba. Na ɗauka zan ji, ban ji ba.

Kwana tara muka yi a rufe kafin mu kama ƙaramar saba. Gwangwani da makaranta ɗaya, ɗayar ta janye, su suka biya Satumba, sun kuma biya Oktoba. Albashi babu. Na karɓi koyarwa a makarantar da safe. Ƙusoshin da ka ce za a zuba a wata na uku ba su zo ba tukuna, mai yiwuwa kai ne da gaskiya. In sun zo zan nemi wata hanyar, ban da waccan.

Na san ba ka kore ta ba, ita ma ta ce duk wanda ya tambaya a gaya masa haka. Na yi mata faɗa, na yi kuka, na nuna mata ɗakin, na nuna mata layin banɗaki. Na ce gobe zan sa ta a mota. Ta bar ni na gama, tana zaune a kan tabarma tsakanin kwamfutoci tana murza ƙafarta. Sannan ta gaya min abin da ba ta taɓa gaya min ba, ban sani ba ko kai ta gaya maka. Ta ce mutanen da suka zo gidanmu ba shiga suka yi ta yi gida gida ba. Da takarda suka zo, an buga ta da inji, sunaye da unguwanni a jere. Suka tsaya a ƙofa suka karanta sunan Baba daidai, har da makarantar da yake koyarwa. Ta ce shekara guda ke nan tana tunanin wanda ya zauna ya rubuta takardar nan, wataƙila ma ba da mugunta ya rubuta ba, aikinsa ne aka biya shi.

Ta ce tana gode maka, kuma tana sa ka a addu'a kullum. Amma ba za ta kwana a kan katifar da za a biya da irin wannan takarda ba.

Ba za ta dawo ba, Kawu. Na sayo mata katifa ƙarama, ni na koma tabarma.

Falmata